Nazarin lamari: katin hoto mai cin wat 185 da igiyar da ta narke a wani shagon haɗa bidiyo a Yamai

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa matashi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, mai ƙaramin shago a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, inda yake haɗa bidiyon biki da na suna, yake kuma zana katunan gayyata. Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ƙofarsa na kallon titin da ba a sa wa kwalta ba, kuma babu abin sanyaya shi sai fanka ɗaya ta tsaye. Ni mai gyaran kwamfuta ne. Na'urarsa ba ta iso teburina ba sai a watan Afrilun 2024, bayan ɓarna ta riga ta auku, saboda haka abin da ya gabaci wannan rana na tattara shi ne daga bakinsa, da kayan da ya kawo mini cikin leda, da kuma awon da na yi daga baya.

Kwamfutar tsohuwa ce ta ofis, irin waɗanda ake shigowa da su gwanjo. Tana da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, samfurin Core i7-3770 mai cin wat 77, da faifan ajiya guda biyu, da akwatin wuta na asali wanda aka rubuta wat 275 a jikinsa. Akwatin wuta, wanda masu gyara a nan suka fi kira alimantasiyo, shi ne ke karɓar wutar bango mai bolt 220 ya mayar da ita bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3 waɗanda sassan ciki ke aiki da su. Shekara biyu ya yi yana aiki da ita a haka ba ta taɓa ba shi matsala ba, sai dai jinkiri: bidiyon biki mai tsawon awa guda yakan cinye masa rabin dare kafin ya kammala fita.

Oktoba 2023: sayen kati da mahaɗi

A tsakiyar Oktoba ya sayi katin hoto na hannu, wato kart garafik, sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta, samfurin Radeon RX 580 mai giga 8. Kamfanin AMD ne ya fitar da wannan kati a Afrilun 2017, kuma bisa bayanin kamfanin yana iya cin wat 185, ana kuma son a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 500. Irinsa sun yi yawa a kasuwar gwanjo tun bayan 15 ga Satumban 2022, ranar da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa ta hanyar katunan hoto, masu haƙar suka zubar da kayansu da araha.

Da ya koma shago ya soka katin a gurbinsa na babban allo, wato allon cikin kwamfuta da ake haɗa sauran sassa a jikinsa, sai ya tarar da wani baki mai rami takwas a gefen katin wanda babu igiyar da ta dace da shi a duk cikin kwamfutar. Akwatin wuta na ofis ba a ƙera shi da wannan igiya ba, domin ba a yi tsammanin zai ciyar da babban kati ba. Ya koma wajen mai kayan, wanda ya ba shi wani gajeren mahaɗi a kan jika ɗaya da rabi, wato sefa 1500: kai biyu na SATA a gefe guda, wato irin kan da ake soka wa faifan ajiya, da kai ɗaya mai haƙori takwas a ɗaya gefen. Maganar da aka yi masa, kamar yadda ya maimaita mini, ita ce: «Ƙanena, in dai ya shiga, to ya yi.» Ya shiga kuwa, hoto ya fito a allo, ya cire murfin gefe saboda tsawon katin, ya ci gaba da aikinsa.

Nuwamba 2023: mutuwar kwamfuta da abubuwan da aka gwada

A aikin zane da rubutu babu abin da ya canza. Amma duk lokacin da ya sa bidiyo ya fita, tsakanin minti 4 zuwa 10 sai kwamfutar ta mutu ɗif, ba saƙo, ba shuɗin allo. Kuma ba ta sake tashi da danna maɓalli, sai ya zare igiyarta daga bango ya ɗan jira ya mayar.

Zarginsa na farko ya tafi kan wutar gari, kuma yana da dalilin yin haka. Tun farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba a maido da ita ba sai a Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni ɗaukewar wuta a unguwannin Yamai ta zama abin yau da kullum, kowace na'ura ta yi tari sai a ce kuran ne, wato wutar gari. Ya sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta ya sa tsakanin bango da kwamfutar. Mutuwar ba ta ragu ba.

Daga nan wani abokinsa ya sake saka masa Windows tun daga tushe, ya kuma sauya manhajar da ke tuƙa katin har sau biyu. Aka kwance katin aka share ƙura, aka shafa sabon man sanyaya ƙwaƙwalwarsa, aka juyo da fankar tsaye tana hura cikin buɗaɗɗen akwatin. Wannan na ƙarshe ya ƙara ƴan mintoci kafin mutuwar, amma bai hana ta ba. Abin da kundin Windows ya riƙa rubutawa kowane karo shi ne kuskure mai lamba 41, wanda ma'anarsa kawai ita ce na'ura ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba.

Akwai abu ɗaya da ya faɗa mini a gefen magana, wanda na rubuta a littafina nan take: duk lokacin da kwamfutar ta mutu, ƙwan fitilar shagon yana nan a kunne, fanka tana juyawa, fitilar allon kallo ma ba ta ɗauke ba.

Disamba 2023: sabon akwatin wuta

A makon farko na Disamba wani ya gaya masa cewa wat 275 ya yi kaɗan. Ya shiga kasuwa ya tambayi farashi, ya ji akwatunan wuta na sanannun kamfanoni sun haura jika 40, sai ya ɗauki wani sabo fil a kwalinsa a kan jika 9, wanda aka rubuta 650 da manyan lambobi a jikinsa. Ya yi sa'a kwamfutarsa tana amfani da babban kai na gama-gari mai haƙori 24, domin da yawa daga cikin na'urorin ofis na baya-bayan nan suna da nasu kai na daban wanda ba ya karɓar akwatin kasuwa. Sabon akwatin shi ma ba shi da igiyar katin hoto, saboda haka ya mayar da mahaɗin nan nasa, ya soka kawunansa biyu a kan igiyar SATA guda ɗaya mai baki uku, baki na ukun kuma yana ciyar da faifan da ayyukan mutane ke ciki.

Mutuwar ta tsaya cak. Daga Disamba har ƙarshen Janairu, lokacin sanyin hunturu, ya fitar da bidiyo fiye da 20 ba tare da tsaiko ba, aikin da ke cin rabin dare ya koma ƙasa da awa biyu. Ya ajiye tsohon akwatin a ƙarƙashin tebur da niyyar sayar wa ƴan gwangwan. Abin da kawai ya lura da shi a wannan lokaci shi ne wani siririn kuka da ke fitowa daga sabon akwatin idan aiki ya yi nauyi, da kuma ɗigo-ɗigon launi da kan gilma a allo jifa-jifa.

Fabrairu 2024: an cire kai ɗaya

Makonnin da ke gaban azumi lokaci ne na ɗaurin aure, kuma a Fabrairu aiki ya yi masa yawa har faifansa ya cika. Ya sayi faifai na uku. Da ya zo haɗawa bai sami bakin SATA da ba kowa a kai ba, sai ya zare ɗaya daga cikin kawunan mahaɗin katin ya ba sabon faifan, ya kunna don ya gani. Kwamfutar ta tashi, katin ya yi aiki kamar da. Daga wannan rana duk wutar da katin ke ja ta bakinsa mai rami takwas tana bi ne ta kan SATA guda ɗaya.

A cikin Maris, da zafi ya fara shigowa, ya riƙa jin ƙaurin roba sama-sama idan dare ya yi nisa yana aiki. Ya ɗauka daga maƙwabta ne masu ƙona shara.

Afrilu 2024: ranar da igiyar ta narke

Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, da misalin ƙarfe uku na rana, a lokacin da zafin Yamai ke haura maki 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano, ya sa bidiyon wani biki ya fita ya tsallaka titi sayen ruwan sanyi. Yaron maƙwabcinsa tela ne ya hango hayaƙi ya yi kururuwa. Da ya shigo ya tarar allon kallo ya yi baƙi, amma fankokin kwamfutar suna ta juyawa, hayaƙi na tashi daga tsakiyar igiyoyi, narkakkiyar roba tana ɗiga a ƙasan akwatin. Na'urar ba ta kashe kanta ba, shi ne ya fizge igiyar daga bango.

Washegari ya kawo mini ita a bayan kabu-kabu. Maganarsa ta farko ba a kan katin ba ce. Cewa ya yi: «Malam, don Allah duba mini faifan nan tukuna, bikin mutum uku ne a ciki, kuma na riga na share katin kyamara.»

Abin da awo ya nuna

Na fara da mahaɗin. Kan SATA ɗin da aka bari shi kaɗai ya narke ya manne da bakin igiyar akwatin, har sai da na raba su da wuƙa. Ƙunar ta fi tsanani a gefe guda, daidai haƙora uku na ƙarshe. Kan SATA yana da haƙora 15, uku daga ciki ne kawai ke ɗauke da bolt 12, kuma kowane haƙori an ƙayyade masa amfiya 1.5, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne. Jimillarsu amfiya 4.5, wato wat 54 in an ninka da bolt 12, iyakar abin da aka ƙera shi ya ɗauka ke nan.

A ɗaya ɓangaren, gurbin babban allo ba ya ba kati fiye da wat 75. Idan kati mai cin wat 185 ya ɗauki cikakken aiki, aƙalla wat 110 dole su shigo ta bakin nan mai rami takwas, wanda shi an ƙayyade masa wat 150, ɗan'uwansa mai rami shida kuma wat 75. Wat 110 a kan bolt 12 ya zarce amfiya 9. Ashe tun Fabrairu haƙora uku ƙanana, waɗanda faɗin kowannensu bai kai kan ashana ba, suna ɗauke da ninki biyu na abin da aka yi su dominsa. Zafin da ke taruwa a mahaɗa kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar: in wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Ƙarfe in ya yi zafi yakan saki riƙonsa ya kuma yi tsatsa, mahaɗar ta ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi, haka abin ke ciyar da kansa har roba ta sallama. Ko a lokacin da kawunan biyu ke haɗe, iyakarsu wat 108 ne, ƙasa kaɗan da buƙatar katin, kuma dukansu suna rataye ne a kan waya ɗaya mai ruwan ɗorawa da ke fitowa daga akwatin.

Na feɗe wayoyin mahaɗin. A jikin robarsu an buga 18AWG, wanda shi ne kaurin da aka saba gani a igiyoyin akwatin wuta, amma zaren da ke ciki bai kai rabin na wata tsohuwar waya mai lamba ɗaya da na ajiye kusa da ita ba. Da na kankare zaren da reza, jan launin ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da fiye da rabi, kuma yana saurin karyewa a wurin matsi. Kan kansa irin wanda aka zuba wa narkakkiyar roba ne aka rufe ruf, ba a ganin yadda aka haɗa wayoyin a ciki.

Sai akwatin mai 650. Na ɗora shi a sikeli, bai kai kilo ɗaya ba, alhali tsohon na ofis mai wat 275 ya fi shi nauyi a hannu. A ƙarƙashin manyan lambobin akwai ƙaramin jadawali wanda mai shi bai taɓa karantawa ba. Layin bolt 12 an rubuta masa amfiya 16, wato wat 192. Layin bolt 5 amfiya 30, na bolt 3.3 amfiya 25. Ko an tara su duka ba su kai wat 430 ba, kuma fiye da rabin wannan yana kan layukan da kwamfutar zamani ba ta cika jan wuta daga gare su ba, domin furosesa da katin hoto duka daga bolt 12 suke ci. Buƙatar wannan na'ura a kan layin kuwa, in an haɗa 185 na kati da 77 na furosesa da abin da faifai uku da fankoki ke ja, tana dab da wat 300.

Na buɗe shi, abin da ba na son mai karatu ya gwada, domin manyan kwandansan da ke ciki, wato sassan da ke tara wuta, suna iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare igiya. A bakin shigar wuta, inda ya kamata a ga naɗaɗɗun wayoyin tace wuta, an zana wurarensu a allon amma an tsallake su da guntayen waya. Ƙarafan sanyaya sirara ne kamar murfin gwangwani. Kwandansan ɓangaren fita masu jure zafin maki 85 ne, ba 105 ba, biyu daga ciki sun kumbura. Irin waɗannan kwandansa rayuwarsu na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin maki 10 na zafi, abin da ke nufin cewa wata ɗaya na bazara a ƙarƙashin kwano ba daidai yake da wata ɗaya na hunturu ba.

Ba ni da na'urar gwajin nauyi ta masana'anta, saboda haka na yi abin da na saba: ƙwan fitilar mota mai wat 55, ina ƙara su ɗaya bayan ɗaya a kan layin bolt 12, bayan na haɗa koriyar waya da baƙa don akwatin ya tashi. Ƙa'idar ATX, wadda aka daɗe ana bi wajen ƙera akwatunan wutar kwamfuta, ta yarda layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Akwatin mai 650 ya nuna 12.3 ba nauyi. Da ƙwai biyu ya sauka 11.6, da uku 11.1, da huɗu 10.6, a daidai lokacin layin bolt 5 ya hau 5.5. Haka irin wannan ƙira take, domin layukan biyu a ɗaure suke da linzami ɗaya, in ɗaya ya nutse ɗayan ya taso. Fitilun suka dushe, akwatin ya riƙa kuka, ya fara wari, amma bai ɗauke ba. Ni na kashe shi.

Na aika aka ɗauko tsohon na ofis daga ƙarƙashin tebur na yi masa gwaji iri ɗaya. Da ƙwai huɗu yana kan 11.8. Ina haɗa na biyar ya ɗauke nan take, ya kuma ƙi tashi sai da na zare shi daga bango na mayar, daidai yadda mai shagon ya kwatanta mini abin da ke faruwa a Nuwamba.

Faifan da ayyukan mutane ke ciki ba ya juyawa. A ƙaramin allonsa na tarar diyod ɗin da ke gadin layin bolt 5 ya ƙone ya toshe, ƴar fis ɗin da ke gabansa ta yanke. Sabon faifan na Fabrairu, wanda bakinsa ke maƙwabtaka da wanda ya narke, ƙunar ta wuce nan ta kai ga ƙwaƙwalwarsa. Katin hoto da babban allo ba su nuna wata illa ba, in ban da ɗan dishewar launi a bakin katin.

Afrilu zuwa Mayu 2024: gyara

Na cire diyod ɗin da ya ƙone, na tsallake fis ɗin na wucin gadi, na ba faifan wuta daga akwatin da na amince da shi. Ya juya. Muka kwashe bikin mutum biyu cikakku zuwa wani faifai a daren, muka ajiye tsohon faifan ba a sake amfani da shi ba, tun da ba shi da sauran mai gadi. Biki na uku rabinsa yana kan sabon faifan, kuma wannan bai dawo ba. Ya je da kansa gidan angon ya faɗi gaskiya, ya mayar da rabin kuɗi, ya haɗa musu abin da ya samu da hotunan da ƴan'uwa suka ɗauka da wayoyinsu.

Kuɗin sabon akwati ba ya hannunsa a lokacin, aiki kuma ba ya jira. Na mayar masa da tsohon akwatin ofis, na ara masa kati GTX 1050 Ti, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a Oktoban 2016, mai cin wat 75 daga gurbi kaɗai ba tare da ƙarin igiya ba. Ya yi mako uku da shi. Bai kai RX 580 sauri ba, amma ya fi yadda na'urar take a da nesa ba kusa ba, kuma ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

A tsakiyar Mayu ya sayi akwati mai wat 550 na wani sanannen kamfani a kan jika 45. Kafin ya biya na sa shi ya karanta mini ƙaramin jadawalin ta waya: bolt 12, amfiya 45, wato wat 540. Yana da igiyar katin hoto tasa ta kansa mai haƙori shida da ƙarin biyu, an jera kariyar wuce kima da ta haɗuwar wayoyi da ta zafi a takardarsa, yana kuma karɓar wutar bango daga bolt 100 zuwa 240, abin da ke da amfani a unguwar da wuta kan yi rauni da yamma. Akwai tambarin 80 PLUS Bronze a kwalin, na kuma bayyana masa cewa wannan shaida ce ta rashin ɓarnar wuta kawai, ba ita ce ke tabbatar da kariya ba. Wajen haɗawa na nuna masa kawuna biyu masu haƙori takwas da suka yi kama da juna, na furosesa da na kati, waɗanda wurin bolt 12 da na ƙasa a cikinsu a juye suke, don kada wata rana ya tura ɗaya a gurbin ɗaya da ƙarfi.

Da katin ya koma, awo a bakinsa ya nuna bolt 12.1 ba aiki, 11.9 a tsakiyar fitar da bidiyo. Bayan awa guda igiyar tana da ɗumi kaɗan a hannu, ba fiye da haka ba. Saboda zafin ɗakin na rage iyakar wutar katin da kashi 15 cikin ɗari a manhajar AMD, bidiyon gwaji mai ɗaukar minti 40 ya ƙara ƙasa da minti biyu. Muka kuma kira mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa, domin shagon ba shi da waya ta uku, kuma jikin kwamfutar yana ɗan cizon hannu idan mutum ba takalmi.

Hukuncina a kan lamarin

Mutuwar Nuwamba ba cuta ba ce, kariya ce. Tsohon akwatin ƙarami ne amma mai gaskiya: an nemi ya ba da kusan wat 300, ya ga ya wuce ƙarfinsa, ya yanke. Fitilar shagon da ke kunne a kowane karo ta isa ta wanke wutar gari tun a makon farko, kuma da an tsaya a kan wannan alama da ba a kashe kuɗin na'urar daidaita wuta ba, da ba a ɓata kwanaki ana sake saka manhaja ba. Shawarar da aka ba shi cewa wat 275 ya yi kaɗan daidai ce. Abin da ya saya a madadinsa ne bai ƙara masa ƙarfi ba, illa ya cire mai tsawatarwar: a kan layin da ake buƙata, akwatin mai 650 ya gaza na ofis, bambancin kawai shi ne ba ya ɗaukewa. Watanni biyu na lafiya da suka biyo baya sanyin hunturu ne ya saye su.

A kan mahaɗin ba ni da sassauci. Ba na haɗa katin hoto da kan SATA ko guda nawa ne, kuma ba na sayar da wannan mahaɗi a shagona. Na tsohon kai mai haƙori huɗu, wanda ake kira Molex, ƙarafansa sun fi kauri, kuma nakan yarda da shi ga kati mai rami shida kaɗai, in kawuna biyu ne daga igiyoyi biyu daban, wayar jan ƙarfe ce ta gaske, akwatin kuma mai inganci ne. Amma akwatin da ba a ƙera shi da igiyar katin hoto ba, a mafi yawan lokuta maƙerinsa ya riga ya faɗi abin da zai iya ɗauka. Matsalar mahaɗa kuma ba ta masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba ce: a ƙarshen 2022 an ga sabon kai mai haƙori 16, wanda aka ƙayyade wa wat 600, yana narkewa a jikin RTX 4090, ɗaya daga cikin katunan hoto mafiya tsada a lokacin, musamman inda ba a soka shi ya shige sarai ba.

Ban ɗora wa matashin nan laifin ganganci ba. Ya tambaya a kowane mataki, kuma duk wanda ya tambaya ya ba shi amsar da ta yi kama da gaskiya. Abin da ke damuna shi ne mu masu gyara da masu sayarwa mun bar manyan lambobin kwali suna magana a madadinmu, alhali karanta layi ɗaya na ƙaramin jadawali da ninka shi da 12 ba ya ɗaukar minti guda. Tazarar jika 36 da ya guje wa a Disamba ta dawo masa da asarar faifai biyu, da rabin kuɗin biki, da jika 9 na akwatin da aka jefar, sannan ya biya jika 45 ɗin duk da haka.

Na leƙa shagon a ƙarshen Satumban 2024, bayan damina. Na zare igiyar katin na duba haƙoranta da fitila, launinsu bai sauya ba, awo kuma ya nuna 11.9 a ƙarƙashin aiki kamar a Mayu. Yanzu ba ya share katin kyamara sai ya miƙa aiki ga mai shi, kuma tsohon akwatin ofis yana kan kanta a naɗe cikin leda, ya fasa sayar da shi.